Cittar Kudancin Kaduna Ba Za Ta Farfaɗo Ba Sai da Iri Mai Lafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan halin da noman citta ya shiga a ƙasar nan tun daga daminar 2023, saboda na lura cewa yawancin abin da ake faɗa a kai, a gidajen rediyo da shafukan jaridu da majalisun hira, bai wuce kukan tsada ba. Uwargida tana kukan cewa kuɗin da a da ke sayen cittar daka yaji mai auki yanzu da ƙyar yake sayen ta kunu, mai shayi ya rage hannu, masu kilishi da masu tsire sun ƙara barkono domin su rufe giɓin, mai jego kuma ana auna mata yajinta kamar magani. Duk wannan kuka gaskiya ne. Sai dai abin da ya haifar da tsadar yana can cikin ƙasa a gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, kuma a matsayina na tsohon malamin gona da ya yi aiki da manoman wancan yanki, ina ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Abin nan kuwa shi ne rashin iri mai lafiya.

Asalin citta daga kudancin nahiyar Asiya take, kuma har yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta. A nan ƙasar, noman ta domin kasuwa ya kankama ne wajen 1927 a kudancin lardin Zazzau na wancan zamani, a garuruwa irin su Kwoi da Kubacha da Kachia da Kagarko da Kafanchan, inda al'ummomin Ham da Adara da Koro da Bajju da maƙwabtansu suka rungume ta har ta zama abin da ake gina gida da shi, ake biyan kuɗin makaranta, ake yin aure. Daga can fatake ke kwaso ta zuwa Kano da sauran manyan kasuwanni, daga bisani kuma kasuwar Dawanau ta zama mahaɗar masu fitar da ita waje. Kafin wannan annoba Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen noman citta, tana kuma cikin ƙasashen da ke sahun farko a duniya, kuma masu saye a Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai suna neman tamu musamman saboda zafinta da yawan man da ke cikinta. Iri biyu manomanmu suka sani, Tafin Giwa mai kauri da launin rawaya, da Yatsun Biri mai sirantaka da ɗan duhu, kuma a kan waɗannan biyun aka ɗora dukan wannan arziki na kusan shekara ɗari.

Domin mai karatu da ke zaune a birni ya gane inda gizo ke saƙa, dole in ɗan bayyana yadda ake noman citta, tun da mafi yawanmu a busasshiya muka san ta, a cikin faranti gaban mai kayan ƙamshi. Citta ba ta da ƙwayar iri irin ta gero ko masara. Wannan saiwar da muke dakawa, ita ce abincin, ita ce hajar, ita ce kuma irin. Idan manomi ya haƙe gonarsa da kaka, yakan ware wani kaso ya jibge shi a inuwa ya rufe da ciyawa, ko kuma ya bar wani sashe na gonar bai tona ba, har zuwa watan Afrilu ko Mayu lokacin da ruwa ya fara sauka. A sannan ne iyali za su zauna su ɓalle saiwar gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ido ɗaya ko biyu, a binne su a jere cikin ƙasa mai laushi da aka gyara sosai, sannan a lulluɓe gonar baki ɗaya da busasshiyar ciyawa ko ganye domin a tsare laima a kuma kare tsiron daga zafin rana. Ciyawar gonar citta da hannu ake cire ta, a tsugune, domin fartanya tana iya raunata saiwar. Sai bayan wata takwas ko tara, idan ganyen ya bushe ya kwanta, ake haƙa, mata su zauna da wuƙaƙe suna tsaga kowace saiwa biyu, a baza a kan duwatsu ko a fili har ta bushe. Hekta guda tana cin iri fiye da tan ɗaya, wani lokaci har kusan biyu, kuma wannan irin shi ne kaso mafi tsoka a cikin abin da manomi ke kashewa, ya fi taki, ya fi kuɗin ƙwadago.

A tsakiyar daminar 2023, wajen watannin Yuli da Agusta, cuta ta faɗa wa waɗannan gonaki. Ganye ya fara da ɗige-ɗige, ya koma rawaya, cikin 'yan kwanaki gona ta zama kamar an bi ta da wuta. Idan ka kama kara ka ja, sai ya fito a hannunka ba da wani ƙarfi ba, abin da ke ƙasa kuwa ya yi laushi ya ruɓe yana wari. Hukumomi sun bayyana cewa cutar ta nau'in fumfuna ce, kuma ba ta tsaya a ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da Zangon Kataf ba, ta taɓa sassan Nasarawa da Filato da yankin Abuja. Ƙaramin ministan noma, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, ya ƙiyasta asarar da manoma suka yi a kan fiye da naira biliyan 12. Wanda ya san yankin ya san cewa wannan adadi bai ƙunshi basussukan da aka ci daga bankuna da ƙungiyoyin gama-kai da 'yan uwa ba, bai kuma ƙunshi matan da tsagar citta ce sana'arsu ta rani ba, ko samarin da ke lodi da direbobin da ke jigila.

Ga abin da nake son hukuma da jama'a su tsaya su duba. Idan fari ko tsutsa ta cinye gonar masara, manomi ya yi asarar shekara guda, amma da bazara zai je kanti ya sayi irin masara na 'yan kilo ya sake shuka. Manomin citta kuwa a rana ɗaya ya rasa amfanin bana da irin baɗi. Da shuka ta gaba ta zo, babu wani kanti ko kamfani ko ma'aikata a faɗin ƙasar nan da zai je ya ce a ba shi tan guda na irin citta da aka tabbatar babu cuta a jikinsa. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne cittar da ta tsira daga gonakin da cutar ta ratsa, kuma tsira a ido ba ta nufin tsira a zahiri, domin saiwa tana iya yin kyau a waje alhali tana ɗauke da ƙwayar cutar. Ita aka saya da tsada, ita aka ɓalla, ita aka mayar cikin ƙasa, sau da yawa ma cikin ƙasar da ta ruɓar da ta bara, wadda irin waɗannan ƙwayoyin cuta ke iya zama a cikinta shekaru suna jira. A gefe guda kuma farashin busasshiya ya hau ninki ba ninki, har ya zama wanda Allah ya tsare wa gonarsa yana ganin ya fi masa ya tsaga duka ya sayar ya karɓi kuɗi a hannu da ya binne dukiyarsa a ƙasar da ba ya da tabbas a kanta. Ba na ganin laifinsa. Amma ta haka ne irin da ya fi lafiya ya tafi tashar jiragen ruwa a cikin buhu, wanda ake shakka a kansa ya koma gona.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti na musamman a kan annobar, kuma a 2024 aka sanar da tallafin naira biliyan 1.6 ta hannun Asusun Bunƙasa Noma na Ƙasa domin manoman da abin ya shafa. Yaba kyauta tukuici, kuma duk wanda buhun taki ya isa hannunsa a irin wannan lokaci ya san amfaninsa. Sai dai taki ba ya warkar da ruɓa, maganin feshi kuma yana rage cutar da ke kan ganye ne idan an yi shi a kan kari, ba ya tsarkake saiwar da aka shuka da cuta a cikinta. Rabon kayan noma abu ne da gwamnatocinmu suka saba da shi, ana yin sa cikin mako guda a gaban kyamara. Samar da iri kuwa aiki ne na shekara uku zuwa biyar wanda ba shi da bikin ƙaddamarwa, kuma ina jin tsoron wannan ne dalilin da ya sa ba a cika jin maganarsa ba.

Dattawan Kano ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki a faɗin Arewa, ta haɗu da farin da ya gabace ta da sakacin da kuɗin man fetur ya kawo, dalar gyaɗa ta tafi ba ta dawo ba. An ɗauki shekaru masu yawa kafin masu bincike a Samaru da abokan aikinsu su fitar da irin gyaɗa mai jure cutar, kuma kafin nan masu saye na ƙasashen waje sun kama wasu hanyoyi. A fagen citta ma akwai darasi a tsibirin Jamaika, wadda cittarta ta yi suna a duniya tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Daga tsakiyar shekarun 1990 cutar ruɓewar saiwa ta shiga gonakinsu, noman ya durƙushe, kuma sun daɗe suna fama kafin su koma ga abin da ya kamata a fara da shi, wato samar da iri mai tsabta a ɗakin bincike da rarraba shi ta hannun gonakin da hukuma ke sa wa ido. Hatsarinmu ma ya fi girma ta wata fuska, domin da yake citta daga jikinta take haihuwa, kowace Tafin Giwa da ke gonakin Kudancin Kaduna kusan kwafin 'yar uwarta ce, cutar da ta iya da guda ta iya da duka.

Hanyar samar da iri mai lafiya sananniya ce ga masana, kuma muna da masu iya ta. Ana ɗaukar ɗan ƙanƙanin tsiro daga idon saiwa, a raine shi cikin kwalba a ɗakin bincike inda babu ƙwayar cuta, ya hayayyafa ya zama dubbai, a fitar da su zuwa rumfar raino mai raga a cikin ƙasar da aka tsabtace, daga nan a miƙa wa zaɓaɓɓun manoma da za su ninka shi a sabuwar ƙasa da ba ta taɓa ganin citta ba, ana duba su ana gwadawa, sai a zagaye na biyu ko na uku irin ya isa hannun kowa. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ita doka ta ɗora wa alhakin citta, kuma an yi irin wannan aiki a kan rogo da doya tare da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, an kuma ga amfaninsa. Abin da ya rage shi ne a kawo aikin kusa da masu noman. Bai dace ba a ce amfanin gonar da ke kawo wa ƙasa kuɗin waje, wanda mafi yawansa daga ƙananan hukumomi kaɗan na jiha ɗaya yake fitowa, ba shi da cikakkiyar cibiyar iri mai ɗakin gwaji a Kachia ko Kwoi, inda manomi zai kai saiwa a duba masa kafin ya shuka. Gwamnatin Jihar Kaduna tana da hukumar bunƙasa noma, Jami'ar Ahmadu Bello tana da masana cututtukan tsirrai a Samaru, hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa tana da ikon ba da shaida. Abin da babu shi ne wanda zai tara su a kan aiki ɗaya ya kuma ba su kuɗin da ba zai yanke bayan shekara guda ba.

A Indiya, cibiyar binciken kayan ƙamshi da ke Kozhikode a jihar Kerala ta fitar da nau'o'in citta da dama, ta kuma koya wa manoma wata dabara da nake ganin ta dace da halin da muke ciki. Maimakon a binne babbar gaɓa kai tsaye a gona, sai a yanka saiwar ƙanana-ƙanana, kowace da ido guda, a tsirar da su a cikin faranti mai ramuka na kimanin wata ɗaya, sannan a dasa waɗanda suka fito da lafiya. Da haka irin da hekta ke ci yana raguwa ƙwarai, kuma wanda ke da cuta yakan tona kansa tun a wurin raino kafin ya shiga gona. A lokacin da iri ya fi komai tsada, wannan dabara kaɗai ta isa a tura malaman gona ƙauye-ƙauye su koyar da ita.

Manoma ma suna da nasu rabon aikin, kuma faɗa musu gaskiya ya fi lallashi. Gonar da cuta ta ci bai kamata ta sake ganin citta ba sai bayan shekara uku ko huɗu, a sa mata masara ko dawa a tsakani. Ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta ita ce gidan ruɓa, don haka a ɗaga kunya a kuma fitar wa ruwa hanya, kada na gonar sama ya gangaro cikin ta ƙasa. A tsoma iri cikin maganin fumfuna kafin shuka, a shanya shi a inuwa, duk tsiron da ya nuna alama kuma a tumɓuke shi da ƙasar gindinsa a fitar da shi daga gonar, kada a jefar a bakin kunya. Fartanya da takalmi da ƙafar ɗan ƙwadago suna ɗaukar cuta daga gona zuwa gona. Na san amsar da manomi zai ba ni, domin na sha jin ta: ina sabuwar ƙasar take? Gonakin nesa da gari, waɗanda a da ake komawa idan na kusa sun gaji, masu garkuwa da mutane sun hana zuwa a sassa da yawa na Kachia da Kagarko, sai aka dawo ana maimaita citta a kan citta a 'yan filayen bayan gida. Ke nan matsalar tsaro ma tana da hannu a cikin wannan ruɓa, ko da yake ba a saba lissafa ta a ciki ba.

Akwai kuma wani hatsari da ƙarancin ya buɗe wa ƙofa. Duk inda farashi ya hau haka, ɗan kasuwa zai nemo kaya daga ko'ina, kuma ɗanyar cittar da aka shigo da ita domin miya babu abin da zai hana wani ya ɓalle ta ya shuka. Ƙasashen Asiya suna fama da wata cutar citta ta bakteriya mai sa tsiro ya yi yaushi ya mutu, wadda idan ta zauna a ƙasa fitar da ita sai an sha wuya. Hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa ya kamata ta sa ido a tashoshin ruwa da iyakoki, duk wani sabon nau'i da za a gwada kuma ya bi ta hannun masu bincike.

Mu masu ci ma abin ya shafi lafiyarmu. Citta tana da daraja a wurinmu fiye da ɗanɗano. Allah Ya ambace ta a Suratul Insan cikin abin shan 'yan Aljanna, iyayenmu kuma sun dogara da ita wajen mura da sanyi da kumburin ciki da gyaran mai jego. Binciken likitocin zamani ya tabbatar da wani sashe na wannan, musamman amfaninta wajen rage tashin zuciya, har ga masu juna biyu idan ba a wuce kima ba, ko da yake mai shan maganin tsinka jini da mai fama da ƙwannafi ya kamata su nemi shawarar likita kafin su mayar da ita abin sha na kullum. Amma duk wannan amfani yana ga citta mai kyau ne. Da kaya ya yi tsada, wanda a da ake zubarwa ma yakan shigo kasuwa: wadda ta fara ruɓa aka tsaga aka shanya, wadda aka baza a gefen kwalta ƙura da hayaƙi suna bi ta kanta, wadda aka ɗure a buhu ba ta gama bushewa ba har ta yi fumfuna. Irin wannan fumfuna tana iya haifar da gubar afalatoksin mai lahani ga hanta, wadda Tarayyar Turai ta sa wa iyaka mai tsauri a cikin kayan ƙamshi, citta na ciki. Abin da ba zai wuce gwajin masu fitarwa ba, a kasuwanninmu yake ƙarewa, galibi a niƙe, inda ido ba ya rarrabe mai kyau da marar kyau, ba ya kuma gane algus. Shawarata ga iyalai ita ce su sayi tsagaggiya, su karya su duba cikinta su sunsuna, su daka da kansu, hukumar NAFDAC kuma ta riƙa ɗibar garin citta daga kasuwa tana gwadawa.

Manyan dillalai da kamfanonin da ke fitar da citta sun ci moriyarta shekara da shekaru, suna saye da araha da kaka, lokacin da manomi ke neman kuɗin Kirsimeti da na makaranta, su sayar da ita a waje su karɓi dalar Amurka. Su ne suka fi kowa sanin abin da za a rasa idan masu saye na waje suka saba da cittar wata ƙasa. Bai fi ƙarfinsu ba su haɗa hannu su ɗauki nauyin rumfunan raino, su ba manoma iri bashi a kan yarjejeniyar za su sayi amfanin, su kuma sa inshorar noma a cikin yarjejeniyar, tun da hukumar inshorar aikin gona ta ƙasa tana nan tun shekarun 1980 amma ƙaramin manomin citta bai san ƙofarta ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka Kachia da Kwoi da Kubacha a watan Maris ko farkon Afrilu, lokacin da ake cinikin iri, ya tambayi manoma daga ina irin da za su shuka ya fito da kuma wanda ya duba shi. Daga nan ya wuce ma'aikatar noma a Kaduna da ta Abuja ya nemi a gaya masa tan nawa na irin citta mai shaida aka samar tun daga 2023, a wace gona yake, da kuma ranar da zai isa hannun manoma, sannan a buga mana amsar yadda aka ba da ita.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Kaduna.